Gishiri a Ƙarƙashin Shawa

A kamfanin sabulun da muke aiki babu mai kiran mahaifina da sunansa. Gishiri ake ce masa, saboda tsoron ruwa. Da hadari ya haɗo, ko can nesa ne, sai ka ga Baba ya buɗe wata lema mai faɗin rumfa ya kama gefen gini yana sauri. Wata rana yayyafi ya rutsa shi tsakanin sito da ɗakin tukunya ba lema, ya kifa kwalin sabulu a ka ya zura da gudu har ya bangaje manaja. Daga ranar sunan ya bi shi, wai in ruwa ya taɓa shi narkewa zai yi.

Ni na san abin da ke narkewa, kuma ba Baba ba ne. Baƙin gashinsa ne.

Kan Baba fari ne fat, haka gemu, haka saje, har gira. Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, yana zaune gaban madubin da ke jikin kabad, da 'yar kwalba da tsohon buroshin goge baki, yana bin gashin nan sili-sili. Ya taɓa gwada irin rinin da ba ya fita, fatarsa ta feso da ƙuraje, ya yini yana susa. Shi ya sa ya koma wa na shafawa, mai sheƙi, mai kyau, wanda ba ya ga maciji da ruwa. Hankicinsa ma baƙi ne, don in ya dangwale gumi kada a ga shaida. Ni ce mai sayo kwalbar, a wani shago can bayan tasha inda ba a san mu ba.

Kada wani ya zaci don 'yan mata yake yi. Saboda tukunya ne. Tukunyar kamfaninmu ƙatuwa ce ta ƙarfe, sai an hau matakala ake leƙa cikinta, a nan ake haɗa mai da ruwan soda a dafa har ya zama sabulu. Tun kafin a haife ni Baba yake kanta. Daga ƙamshi yake sanin ta kusa, daga yadda take tafasa yake sanin ta yi fushi. Manajanmu kuwa da ido yake auna shekarun mutum. Da ya hango furfura a kanka, sai ya dafa kafaɗarka ya ce ka yi wa kamfani hidima, lokacin hutu ya yi, washegari ka tsinci kanka a kan benci a bakin ƙofa. Haka aka yi wa aminin Baba, wanda suka fara aikin tukunya tare. Yanzu Kawu Maigadi muke ce masa, aikinsa buɗe wa motoci ƙofa da korar awaki. Ranar da aka kai shi can, ranar Baba ya aike ni bayan tasha.

Mama ta bar nata farin ya fito yadda ya ga dama, kuma ita ke ɗaukar hukuncin. Sun taɓa shiga shagon takalma tare, mai shagon ya ce mata, "Mama, ƙanin naki wace lamba yake sawa?" Har yau ba ta sake bi ta layin ba, kuma duk ran da Baba ya ɓata mata rai sai ta miƙa masa abinci ta ce, "Ungo, ƙanina."

Ni ma ban tsira ba. Da aka ɗauke ni aiki a ɓangaren zuba sabulu a kwali, Baba ya zaunar da ni ya kafa mini sharaɗi.

"A gida ni ne Babanki. A kamfani Baffa za ki ce. Ke 'yar wana ce."

"Wane wan? Kai ne babba a gidanku."

"To ki ƙago shi. Mai 'ya kamarki ai ko bai yi furfura ba an san ya kwana biyu."

Na yi dariya, na ƙago masa wa, har na ba wan sana'ar gyaran agogo a wani gari mai nisa. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Kullum sai in wuce mahaifina in ce, "Sannu da aiki, Baffa," shi kuma ya amsa, "Yauwa, ya mutanen gidanku?" alhali tare muka karya kumallo.

Yadda na zama mai agajin gaggawa ba wata bajinta ba ce. An ce a ba da mutum ɗaya ya je a koya masa, kowa ya noƙe, ni kuma na fita shan ruwa, na dawo na tarar an zaɓe ni. Na je, na koyo, na dawo da akwati mai almakashi da bandeji da safar hannu, da sabon suna: Likitar Kwali. Babban abin da na koyo bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. In soda ta taɓa mutum, ruwa, nan take, mai yawa, a daɗe ana zubawa. Sauran bayani duk 'yan rakiya ne.

Akwai shawa ta musamman don haka a gefen ɗakin tukunya, da sarƙa da ake ja ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, a ƙasa kuma ga wani kwano mai 'yan famfo biyu da ke feso ruwa sama don wanke ido. Da na karɓi aikin, sarƙar ta zama wurin rataye riguna. Kwanon idon kuwa wani ma'aikaci da muke kira Sarkin Shawara ya mayar da shi wurin jiƙa kofin shayinsa. Sarkin Shawara mutum ne da bai taɓa jin wata cuta ba tare da ya san maganinta ba, ko da yau aka ƙirƙiro ta. Na yi faɗa da kowa, na kwashe riguna, na jefar da kofi, na sa wa kaina gwada ruwan duk mako. Duk ran gwaji Baba can bayan sito yake zagayawa, kada feshi ya same shi.

Faɗan da na kasa ci shi ne na gilashin kare ido. Kowa a ɗakin tukunya yana da nasa, mai roba da ke zagaya kai. Na Baba a wuya yake rataye, kamar sarƙar ado. Robar tana goge masa saje, bakin gilashin yana cin gira, in ya sa na ɗan lokaci sai ya cire da fararen layuka a fuska.

"Baba, ka sa gilashin nan," na ce masa a gida, ba sau ɗaya ba.

"Ni da tukunya mun san juna."

"Ita soda ta san ka?"

"Ci abincinki."

Ranar da abin ya faru, hantsi ya dubi ludayi, ina naɗe kwali. Ban ji ihu ba. Ƙarar bokiti na ji yana gangarowa daga matakala, sai injin da ke tura ruwan soda ya yi shiru, sai gudun mutane. Na fizgi safar hannu da almakashi na bi su.

Tiyon da ke kai ruwan soda cikin tukunya ne ya suɓuce daga maɗaurinsa, ya watsa wa Baba a gefen hagu na fuska da ƙirji. Na same shi a matakalar ƙarshe, ya dafe ido da hannu, yana cewa, "Ba komai, ku ba ni tsumma." Muryar ba tasa ba ce.

Mutane sun riga sun kewaye shi, kasuwar magani ta buɗe. Wani ya ce a hura masa. Wani ya ce man girki, a ɗiga. Wani ya tafi neman man goge baki. Sarkin Shawara kuwa har ya zaro lemun tsami daga aljihu, Allah kaɗai ya san me yake yi a can, yana neman wuƙa.

"Tsami ke kashe soda," in ji shi. "Wannan ilimi ne."

"Ka matsa wannan lemun a idonsa, ni kuma in matsa maka shi a naka," na ce, na kama ɗamarar Baba na ja. "Kada ka murza, Baffa. Cire hannu. Taso."

Ya taso, don zafi ya hana shi gardama, muka yi taku kaɗan. Sai ya buɗe idon dama ya ga inda muka nufa, ya ga sarƙa tana lilo. A saman bene kuma ga manaja ya fito daga ofis yana leƙowa. Baba ya rungume ƙarfen da ke riƙe da rufi.

"Kai ni gida," ya ce ƙasa-ƙasa. "A gida zan wanke."

"Babu gida."

"To ɗebo a kofi. Kaɗan. Ki ɗiga daidai wurin."

Na ja, ya ƙi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana juya tukunya ba ya ɓamɓaruwa da sauƙi. Kawu Maigadi ya iso yana haki, ya kama ɗaya hannun, shi ma ya ja, kamar muna jan bango. Ina kallon fatar kumatun Baba tana yin ja, tana santsi, idon ya rufe gam yana zubar da ruwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron kuma ya juye ya zama fushi.

"Kai ka koya mini," na ce, "in soda ta haɗu da mai me take yi?"

"Sabulu," ya ce cikin haƙora.

"To yanzu idonka take dafawa. Baba, saki ƙarfen nan."

Ban yi da raɗa ba. Duk ɗakin ya ji. Ban san ko kunya ce ko mamaki ba, hannunsa dai ya yi sanyi, muka tura shi ƙarƙashin shawa ni da Kawu, na ja sarƙa da dukan ƙarfina.

Duk wannan bai kai tsawon ba da labarinsa ba, amma a wurin soda ko wannan ya yi yawa.

Ruwa ya sauko mana mu uku. Na cire masa hula na jefar. Rigar aikin ta sha soda, in aka cire ta ta ka sai ta shafi fuska, don haka na sa almakashi na tsaga ta daga wuya zuwa ƙasa. Kawu ya sa aka kawo tamfol, mutum biyu suka riƙe, ya taya shi cire takalma da wando, aka ɗaura masa wani mayafi. Ni kuma na sunkuyar da shi kan kwanon ido, na karkata kansa yadda idon hagu zai zama a ƙasa, kada abin da ke fita ya gangara cikin na dama. Na sa yatsu na buɗe fatar idon da ƙarfi, don da kansa ba zai buɗu ba.

"Juya idon. Sama. Ƙasa. Gefe."

"Yana zafi."

"Na sani. Juya."

Sai a lokacin na lura ɗakin ya yi tsit. Na dubi ƙasa. Ruwan da ke gangarawa magudana baƙi ne wuluk. Ya bi ta wuyan Baba, ya bi ta hannuna, ya rina mini hannun riga. Gira ta fara tafiya, saje ya bi ta, gemu ya ɗan yi taurin kai shi ma ya sallama. A ƙarƙashin hannuna kan mahaifina yana fitowa fari tas, a gaban kowa, a gaban manaja da ya sauko ya tsaya baki buɗe. Baba bai gani ba, amma ya ji shirun. Na ji kafaɗunsa sun sauka. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in rufe shi da jikina, amma ban saki idon ba.

Sarkin Shawara ne ya fasa shirun.

"Kun gani ko? Soda ta zuƙe masa baƙin gashi. Ga shi nan yana bin ruwa."

"Haka take yi?" wani ya tambaya.

"In ta yi ƙarfi. Na san wani da ta mayar wa har gashin hanci."

Nan take magana ta zauna. Aka shiga salati da jajantawa. Wani ya ce dubi bawan Allah, da safe matashi, kafin azahar dattijo. Wani ya shafa kansa ya ja da baya daga tiyon. Manaja ya dafe ƙirji ya ce kamfani zai ɗauki nauyin komai, kuma babu mai taɓa wa Gishiri tukunyarsa, tun da a bakin aiki tsufan ya same shi. Na dubi Kawu Maigadi. Shi ya san gaskiya, don tare suka yi ƙuruciya. Ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano kamar yau ya fara ganinsa.

Baban da na ce da ƙarfi ma bai tayar da ƙura ba. Na ji wata tana cewa, "Allah sarki, ta ɗauke shi kamar uba."

Kafaɗun Baba suka ɗan taso. Can ya ce, da muryarsa ta kullum, "Ya isa haka, ya daina zafi."

"Bai isa ba. Soda munafuka ce, in ta yi shiru ciki take shiga."

"Na ce ya isa. Sanyi nake ji."

"Ka ji sanyi da ido biyu."

An koya mini kada a kasa minti ashirin, in soda ce ma a zarce. Na sa Kawu ya tsare agogon bango, na sa direba ya juyo da mota, na sa a cika jarka da ruwa mai tsabta, a kuma yanko mini gefen buhun sodar inda aka rubuta sunanta, don likita ya san da wa yake faɗa. Yatsuna suka sage, bayana ya riƙe. Baba ya gwada roƙo, ya gwada tsawa, ya gwada cewa zai haɗa ni da wansa mai gyaran agogo. Sarkin Shawara ya gaji da riƙon lemunsa, ya ɓare ya shanye.

A mota ma ban tsaya ba. Na kwantar da Baba a kujerar baya, kansa a cinyata, idon hagu a ƙasa, ina tsiyaya ruwa daga gora, Kawu yana cika mini daga jarka. Manaja yana gaba, yana ta faɗa wa direba ya yi a hankali kuma ya yi sauri. Kafin mu isa, ƙasan motar ya zama tafki.

A asibiti ba su bar mu mun zauna ba. Likitar, wata mace mai ɗan jiki da ba ta ɓata magana, ta karɓi guntun buhun ta duba, ta ɗiga wa Baba maganin kashe zafi, ta taɓa gefen idon da wata 'yar takarda ta duba launinta, ta ce a ci gaba. Aka rataya ledar ruwa, aka ci gaba da wankewa, leda na ƙarewa ana sa wata. Baba ya ce ruwan da ya guje wa duk tsawon shekarun nan ne aka tara masa.

Muna nan Mama ta iso, mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Nas ta tare ta a ƙofa.

"Mama, mijinki ne?"

Mama ta tsaya. Ta leƙa ta ga Baba kwance, fari fat a bainar jama'a. Ta juyo wurin nas.

"Me kika ce, 'yar nan?"

"Na ce ko mijinki ne."

"Sake faɗa dai, kunnen nawa."

Nas ta sake faɗa. Mama ta gyara mayafi ta shiga, ta ja kujera ta zauna dab da gadon, ta kama hannunsa.

Da takardar ta nuna launin da likita ke so, ta ɗiga wani magani, ta haska fitila ta daɗe tana dubawa. Sannan ta rufe masa idon dama da tafin hannu.

"Baba, me kake gani?"

Idon ja ne kamar garwashi, yana ta ƙiftawa.

"Dishi-dishi," ya ce. "Amma ina ganin wata tsohuwa tana harara ta."

"Tsohuwar ma wani tsoho take gani," in ji Mama, sai hawaye.

Na zauna a ƙasa. Likita ta ce saman idon ya ƙone, zai sha magani da bandeji da zarya, kuma dole likitan ido ya riƙa dubawa, amma tana sa ran zai warke ya gani. Fatar kumatu da ƙirji ma da sauƙi.

Manaja ya matso, yana murza hula. "Likita, gashin fa? Zai dawo? Da safen nan baƙi ne wuluk, sodar ce ta zuƙe shi. A gabanmu aka yi."

Likita ta dubi kan Baba. Ta dubi hannun rigata da ya rine. Ta dubi bayan kunnensa, inda wani ɗan baƙi ya maƙale ya tsira. Ta buɗe baki, ta rufe. Baba ya kafe ta da ido ɗaya.

"Ni ɓangaren ido aka kira ni," ta ce. Ta juya. "Wa ya wanke masa?"

"Ga ta nan," in ji manaja. "Ma'aikaciyarmu ce. 'Yar wansa."

"To ya gode wa wan nasa," likita ta ce tana cire safar hannu. "Irin wannan suna zuwa mana, an sa mai, an sa tsami, an ɗaure da tsumma an taho. Kafin su iso soda ta gama aikinta. Wannan idon ba ni na cece shi ba, a kamfani aka cece shi. Da an tsaya neman kofi, da wata maganar muke yi."

Ta faɗi kofi ne kawai, ba ta san komai ba. Amma na ga Baba ya haɗiyi yawu.

Komai ya daidaita masa. Furfura ta samu uzuri, manaja ya yi alkawari a gaban shaidu, tukunya tana jiransa, ba sauran kwalba, ba sauran lema. Abin da ya rage kawai ya yi shiru. Ni ma na sa rai zai yi shirun, har na fara shirya yadda zan ce, "Sannu, Baffa." Na ce a raina ba komai, ido ya fi suna.

Baba ya yunƙura ya tashi zaune. Ya juyo da idon nan ja, mai ruwa, ya neme ni a ƙasa inda nake, jiƙe sharkaf, baƙi har gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallona da shi.

"Likita," ya ce, "ba ni da wa. Ni ne babba a gidanmu."

Manaja ya ce, "Gishiri, kwanta, zafin ne."

"Ba zafi ba ne, ranka ya daɗe. Wannan 'yata ce. Ta fari. Ni na haife ta." Ya shafa gemu. "Wannan ma nawa ne, soda ba ta ba ni ko sili ɗaya ba."

Kawu Maigadi ya sauko da idonsa daga rufi. Mama ta ce, "To, ƙanina ya girma." Ni kuwa kuka nake yi, irin na yara, mai majina, a gaban manajana.

Manaja mutum ne mai tsayawa kan ra'ayinsa. Da Baba ya warke ya dawo, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi wa kamfani hidima. Aka ƙara benci a bakin ƙofa.

Ba zan ce bai ji ciwo ba. Wani lokaci iska tana kawo ƙamshin tukunya har ƙofa, sai in ga ya ɗaga hanci, ya ce wa Kawu, "Sun cika mata wuta." Sarkin Shawara har yau yana rantsuwa soda ce, wai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ne shi ya sa yake musu. Duk ma'aikacin tukunyar da ya zo wucewa da gilashi a wuya, Baba ba ya buɗe masa ƙofa sai ya ɗaura shi a fuska, ko da daga gida yake.

Rannan na makara, ana yayyafi. Na hango su daga nesa, tsofaffi biyu a kan benci, Kawu ya fake da tsohuwar lemar nan, Baba yana waje, kai ba hula, ruwa yana sauka a kan farin gashi yana gangarawa fari. Wani direban babbar mota yana jira a buɗe masa. Baba ya hango ni tun daga kwanar titi, da idon hagu, don ta nan nake fitowa. Ya bar direban yana jira, ya nuna ni da hannu.

"Ka ga waccan mai tahowa?" na ji yana cewa. "'Yata ce."

Direban ya ce ai ya faɗa masa jiya.

"To yau ma ita ce."

Na iso ƙofa, na tsaya a cikin ruwan tare da shi.

"Sannu da aiki, Baba," na ce, yadda har ɗakin tukunya za a ji.